Gam ɗin haɗa robar akirilik

Gam ɗin haɗa akirilik sinadari ne da ake amfani da shi wajen haɗa fallayen robar akirilik biyu ko fiye su zama abu ɗaya. Akirilik roba ce garai-garai mai kama da gilashi, wadda masana sinadarai ke taƙaita sunanta da PMMA. Da ita ake yin allunan talla masu fitila, da akwatunan baje kolin kaya, da kambunan yabo, da tankunan kifin ado. Mafi yawan abin da ake kira gam ɗin akirilik ba ya maƙalewa tsakanin fallayen kamar gam ɗin takarda ko na katako. Narkar da fuskokin biyu yake yi har su cuɗanya, sannan ya bushe ya bar su a haɗe. Shi ya sa masu sana'ar ke kwatanta aikin da walda.

Asalin robar

Kamfanin Röhm da Haas na ƙasar Jamus ya fito da robar kasuwa a shekarar 1933 da sunan Plexiglas. Kamfanin ICI na Ingila ya fitar da tasa da sunan Perspex, shi kuma DuPont na Amurka ya sa wa tasa Lucite. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da ita sosai wajen yin tagogi da murafen jiragen yaƙi. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma kashi 92 cikin 100 na haske na ratsa ta.

Fallayen iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan robar tsakanin gilasai biyu har ya daskare, akwai kuma na matsi, wanda inji ke turo narkakkiyar robar ta cikin tsaga. Na matsi ya fi araha kuma ya fi saurin narkewa idan gam ya taɓa shi, amma ya fi saurin tsattsagewa. Na zubi shi ake zaɓa a aikin da zai ɗauki nauyi ko ruwa.

Ire-iren gam

Gam mai ruwa-ruwa. Wannan shi ne aka fi amfani da shi. Tsinkakke ne kamar ruwa, kuma bisa al'ada babban sinadarinsa shi ne dikuloromitan. Wasu masu yin allunan talla kan yi amfani da kulorofom. Weld-On 3 da Weld-On 4 na cikin sanannun samfuransa. Yana kamawa cikin 'yan mintuna, kuma idan aikin ya yi kyau mahaɗin kan fito garau. Sai dai ba ya cike giɓi ko kaɗan, domin in ya bushe babu abin da yake bari a wurin. Dole gefunan su zauna da juna daram.

Gam mai kauri. Shi ma mai narkarwa ne, amma an narka ɗan akirilik a cikinsa har ya yi kauri kamar zuma. Weld-On 16 da Tensol 12 misalansa ne. Yana cike ƙananan giɓi, amma yana ƙanƙancewa yayin bushewa kuma yakan bar kumfa a mahaɗi.

Gam mai haɗi biyu. A nan ana gauraya ruwan akirilik da wani sinadari mai sa shi daskarewa, sai ya zama sabuwar roba a cikin mahaɗin. Weld-On 40 da Tensol 70 na wannan rukuni ne. Shi ya fi kowane ƙarfi da jure rana da ruwan sama, kuma da shi ake haɗa fallaye masu kauri sosai. Yana da tsada, kuma da zarar an gauraya shi dole a yi aiki da shi cikin ɗan lokaci kafin ya daskare.

Gam mai daskarewa da haske. Irin su Acrifix 192 ba sa kamawa sai haske ya ratsa su, don haka mai aiki na da sararin daidaita fallayen. Ba ya yi wa fallaye masu duhun launi, domin hasken ba zai kai ga mahaɗin ba.

Waɗanda ba su dace ba

Sufa gulu yana kama akirilik, amma tururinsa kan bar farin dusu-dusu a gefen mahaɗi, kuma mahaɗin kan ɓalle idan aka buge shi. Silikon, wanda da shi ake haɗa tankin kifi na gilashi, ba ya kama akirilik da kyau. Tankin akirilik da aka haɗa da silikon kaɗai yana iya buɗewa idan aka cika shi da ruwa. Gam ɗin ifoksi ba ya narkar da robar, kamunsa a kanta ba shi da ƙarfi, kuma yawancinsa kan koma rawaya a rana.

Yadda ake zaɓa

Abu na farko da ake dubawa shi ne yadda gefunan suka zauna da juna. In sun zauna daram, mai ruwa-ruwa ya isa. In akwai ɗan giɓi, sai mai kauri. In giɓin babba ne, ko abin zai ɗauki nauyi, ko zai zauna a waje, mai haɗi biyu ne ya dace. Idan kuwa akirilik za a haɗa da ƙarfe, katako ko gilashi, gam mai narkarwa ba zai yi ba tunda ba ya narkar da su. Ƙari ga haka, akirilik ya fi su buɗewa da tsukewa idan zafi ya sauya, shi ya sa akan nemi gam mai ɗan laushi ko a ɗaure da kusoshi masu noti.

Yadda ake haɗawa

Ana fara gyara gefen da zarto ya yanka har ya miƙe ya yi sumul, a wanke da sabulu da ruwa, a bar shi ya bushe. Sai a jera fallayen a riƙe su, a ɗebi gam da sirinji a bi da bakin allurar ta jikin mahaɗin. Gam ɗin da kansa yake shigewa tsakanin fallayen, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A manyan ayyuka akan sa siraran wayoyi a tsakani don gam ya ratsa ko'ina, sannan a zare su. Akan bar aikin awa 24 zuwa 48 kafin a ɗora masa nauyi, kuma ƙarfinsa na ci gaba da ƙaruwa na wasu makonni.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce ƙananan tsaga masu kama da saƙar gizo-gizo. Suna fitowa idan gam ya taɓa gefen da aka goge da harshen wuta ko aka yanka da injin leza, domin zafin kan bar robar a ɗaure ta ciki. Ana magance wannan ta hanyar gasa fallen a tanda mai zafin kimanin digiri 80 na wasu awanni, a bar shi ya huce sannu a hankali.

Yanayi ma na da tasiri. Dikuloromitan na tafasa a kusan digiri 40, zafin da garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai kan kai a watan Afrilu. A irin wannan zafi gam kan tsere kafin ya gama aikinsa, don haka aikin safiya ya fi. Da damina kuma, danshin iska kan sa mahaɗin ya yi fari-fari.

Kariya

Tururin dikuloromitan na sa jiri da ciwon kai, kuma jiki na juya wani sashe nasa zuwa iskar kabon monoksaid, mai hana jini ɗaukar iskar numfashi. A ɗaki rufaffe yana iya kisa. A shekarar 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfanin da ake yi da shi. Kulorofom kuma na lahanta hanta. Saboda haka ana yin aikin ne a wuri mai iska, nesa da wuta, da tabarau na kariya da safar hannun da sinadarin ba ya ratsawa, kuma a ajiye kwalbar a rufe inda yara ba za su kai gare ta ba.