3.4 Amfanin Intakula ga Motar Titi da Motar Tseren Gajeren Zango

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin salansa wajen dannan iska cikin inji. To amma duk iskar da aka matse sai ta ɗauki zafi. Idan zafin gari yana digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, turbo kuma ya ninka matsin iskar sau 2, za ta fito da zafin da ya kusa digiri 120. Iska mai zafi tana buɗewa, wato kaɗan ce ke samun shiga silinda. Abin da ya fi wannan muni shi ne zafin kan sa fetur ya fashe ba bisa tsari ba, ya riƙa dukan kan fistin har ya ƙone shi ko ya fasa shi.

Domin magance wannan ne aka samar da intakula. A siffa ta yi kama da lagireto, sai dai iska take sanyayawa. Ana girka ta tsakanin turbo da inji. Idan ta sauko da zafin iskar zuwa digiri 50, yawan iskar da silinda ke ɗauka zai ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100, sannan a iya ƙara matsi ba tare da fargaba ba.

Motar Buick Grand National ta ƙasar Amurka kyakkyawan misali ce. A shekarun 1984 da 1985 injinta mai lita 3.8 yana da turbo amma babu intakula, yana kuma ba da ƙarfin doki 200. Da aka sa mata intakula a 1986 sai ƙarfin ya kai 235, a 1987 kuma 245. Ba za a jingina wa intakula dukkan wannan ƙari ba, domin an yi wa injin wasu gyare-gyare a lokaci guda, amma ita ce ta buɗe ƙofar sauran.

Bisa ga wannan, motar titi ba ta da wani uzuri na rashin intakula. Fetur ɗin gidan mai take sha, tana shiga cunkoso, tana hawa tudu da kaya, direba kuma yana taka ta sau da yawa a rana guda. Injin da zai yi shekaru cikin wannan hali yana buƙatar iska mai sanyi kullum.

A fagen tseren gajeren zango ne magana ta rabu biyu. Wannan tsere, wanda ƙungiyar NHRA da aka kafa a 1951 ke tsarawa a Amurka, galibi ana yin sa ne a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masu sukar intakula suna cewa tana ƙara nauyi a goshin mota, bututunta suna cin wani ɓangare na matsin iska, kuma tana ɗan jinkirta amsawar inji. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ga motar da ke shan metanol kaɗai. Wannan mai yana zuƙe zafi sosai yayin da yake zama tururi, ana kuma zuba shi da yawa fiye da fetur, saboda haka shi da kansa yake sanyaya iskar. Shi ya sa motoci da dama masu shan sa ke gudu babu intakula.

Motar tsere mai shan fetur kuwa ba ta da wannan gata. Galibi akan sa mata intakula mai aiki da ruwa, a cika tankinta da ƙanƙara kafin a tashi, ta yadda iskar kan iya sauka ƙasa da zafin gari. Ƙanƙarar kan narke bayan gudu ɗaya, sai a zuba sabuwa, abin da direban motar titi ba zai iya yi a kowace mahaɗar hanya ba.