Me ya sa nisan da waya ke nunawa ba shi ne nisan tafiya ba?

Duk wanda ya tambayi intanet nisan da ke tsakanin garuruwa biyu, sau da yawa amsar farko da zai samu ita ce "nisan sama", wato miƙaƙƙen layi wanda babu ruwansa da kwana, gada ko shingen bincike. Da wannan awo, daga Ƙanƙara zuwa birnin Katsina kusan kilomita 120 ne, daga Sabuwa kuwa kimanin 200. Sai dai ɗan kasuwar da ya gina lissafin kuɗin mota a kan waɗannan alƙaluma ya ɗauko asara tun daga gida.

Da yake duniya dunƙulalliya ce, masana suna auna nisan sama ne a kan bakan da ya fi gajarta a jikinta. Taswirar da aka shimfiɗa a takarda tana ruɗin ido, musamman can ƙuryar arewa. Tazarar digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma a yankin Katsina kusan kilomita 108 ce, amma a garin Longyearbyen na ƙasar Norway, wanda ke yankin ƙanƙara na Aktik, ba ta wuce kilomita 23 ba. Shi ya sa jiragen da ke tashi daga Turai zuwa Japan suke karkata arewa maimakon su miƙe gabas.

Amma ko jirgin sama ba kullum yake samun bin wannan baka ba. Bayan da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Tarayyar Turai a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kusan awa 9 zuwa kimanin 13. Maniyyatanmu ma sun ɗanɗana irin wannan. Daga Katsina zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne a miƙe, kuma layin ya ratsa Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023, sai jiragen alhazai suka koma yin zagaye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi.

A ƙasa ma haka abin yake. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ta ƙaramar hukumar Faskari saboda ɓarnar 'yan bindiga, ta umarci direbobi su bi ta Funtuwa. Garuruwan suna nan inda suke, amma mai, lokaci da kuɗin dakon buhun masara duk suka ƙaru.

Saboda haka, kafin mutum ya yanke farashin kaya ko ya rubuta kuɗin tafiyar aiki, ya kamata ya bambance abu uku: nisan sama, tsawon titi, da kuma hanyar da ake iya bi a wannan rana. Na farko taswira ce ke ba da shi, na biyu ma'aunin mota. Na ukun kuwa, wanda shi ne ake biya da kuɗi, wani lokacin ma da rai, sai an je tasha an tambayi direbobin da suka biyo hanyar da safe.