Tufafi da Kayan da Ake Buƙata Domin Hawan Duwatsun Jihar Filato

A kowace shekara ƙungiyoyin matasa, ɗaliban makarantu, masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan ofisoshi sukan shirya tafiyar ƙafa zuwa duwatsun Jihar Filato, musamman Duwatsun Shere da ke gabashin Jos, da Dutsen Riyom, da Magangarar Ruwa ta Assop, da kuma Dutsen Wase. Mun lura cewa yawancin baƙinmu sukan yi shirin sanyin hunturu kawai, domin shi ne abin da Jos ta yi suna a kansa. Amma lokacin da rashin tufafin da suka dace ya fi jefa mutum cikin haɗari a kan waɗannan duwatsu shi ne tsakiyar damina. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa shugabannin ƙungiyoyi da malaman da ke rakiyar ɗalibai wannan bayani.

Birnin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Duwatsun Shere kuwa ta kai kimanin mita 1,829. Bisa ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Ke nan wanda ya bar gari yana jin daɗin iska zai tarar da ƙarin sanyi na kusan digiri 4 a sama, ban da iskar da ke kaɗawa a fili babu abin da ke tare ta.

Damina a kan tudun Jos takan fara ne a watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwa kuma ya fi yawa a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Abin da ke faruwa shi ne, mai hawan dutse yakan yi gumi rigarsa ta jiƙe tun kafin hadari ya haɗo. Idan ruwa ya sauko, iska ta biyo baya, jiƙaƙƙen tufafi yakan janye ɗumin jiki da sauri fiye da yadda jiki ke iya mayar da shi. Auduga ta fi kowane yadi muni a nan, domin tana shan ruwa ta riƙe, ba ta kuma bushewa da wuri. Wandon jins, wanda matasa suka fi so, da zarar ya jiƙe sai ya yi nauyi ya riƙa gurzar cinya. Don haka muna ba da shawarar a sa rigar ciki ta roba irin ta 'yan ƙwallo, a ɗora suwaita ta ulu ko makamanciyarta, sa'an nan rigar ruwa mai hula a waje. Amfanin sa tufafi hawa uku shi ne ana iya cire ɗaya lokacin hawa, a mayar da shi da zarar an zauna hutawa. Ba sai an sayi sababbi masu tsada ba, ana samun irin waɗannan a wurin 'yan gwanjo na Kasuwar Katako. Kowa kuma ya ƙulle busasshiyar riga da safa a cikin leda, ya tura su can ƙasan jakar goyonsa.

Ya kamata shugaban tafiya ya san alamun wanda sanyi ya fara cin ƙarfinsa: karkarwa mai tsanani, yawan tuntuɓe, harɗewar harshe da amsa tambaya ba daidai ba. Irin wannan mutum sau da yawa yakan ce lafiyarsa ƙalau, kada a biye masa. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari idan yana iya haɗiya, sa'an nan a juyo da shi ƙasa.

Lema ba ta da amfani a kan dutse. Iska takan karya ta, tana kuma hana mutum amfani da hannu ɗaya a inda yake buƙatar biyu. Idan aka ji tsawa, a sauka daga ƙololuwa nan take, kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma kada jama'a su cure wuri ɗaya. Tun da ruwa ya fi saukowa daga azahar zuwa yamma, abin da ya fi shi ne a tashi da sassafe a sauko kafin hadari. Ƙoramar da aka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu tana iya cika ta tumbatsa da la'asar.

Maganar takalmi ta shafi kowane lokaci na shekara. Duwatsunmu idan sun jiƙe, gansakuka ta kwanta a kansu, santsinsu ya fi ƙarfin silifas da takalmin ofis. A nemi kambas ko but mai kaushin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, kuma wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi ranar tafiya bororo kawai zai haifar.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, kuma shirinsa ya fi sauƙi domin babu ruwan sama. Sanyin asuba yana da tsanani, amma da hantsi rana takan buɗe, sai mai babbar jaket ya rasa yadda zai yi da ita. Nan ma tufafi hawa hawa sun fi. A ƙara da hular sanyi, safar hannu, man kaɗanya ko basilin saboda faso da tsagewar leɓe, da takunkumin fuska domin ƙura. Masu ciwon asma su riƙe maganinsu a aljihu, kada su bar shi a mota. Hazo yakan ɓoye alamun hanya, kuma lokacin ne ake yawan ƙona daji, saboda haka ba mu yarda da hura wuta a cikin busasshiyar ciyawa ba, kome sanyi.

Bazara, wato Maris zuwa farkon Afrilu, ita ce lokacin zafi. Masu zuwa Wase da sauran sassan kudancin jihar su sani cewa can ƙasa ce mai kwari, zafinta ba irin na Jos ba ne. A sa riga mai dogon hannu marar nauyi mai farin launi, da malafa ko hula mai baki. A nan auduga ba ta da laifi. Kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita 3 na ruwa domin tafiyar wuni, a kuma tanadi ƙunshin garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis. Idan babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Guzuri kuwa ya zama marar lalacewa, kamar dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi.

Yankin Langtang da Wase an san shi da kububuwa, musamman lokacin shuka da lokacin kaka. Dogon wando da but da safa mai kauri su ne kariya ta farko, sai sandar da za a riƙa buga ciyawa da ita. Kada a cusa hannu cikin kogon dutse. Idan aka yi saran maciji, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Cibiyar lafiya ta Zamko da ke Langtang ta Arewa ta daɗe da sanin wannan aiki. A kan tudu kuma a kula da ƙerana da manoma ke shinge da ita, domin ruwanta yana illa ga ido.

Akwai kayan da ƙungiya za ta tanada baki ɗaya: akwatin agajin gaggawa mai bandeji da filasta da maganin wanke ciwo, igiya mai ƙarfi, tocila da ƙarin batir ko da an yi niyyar dawowa da rana, da usur ga na gaba da na baya. Waya ta zama cike da caji, amma kada a dogara da ita kaɗai, domin akwai kwazazzabai da babu sabis. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Kafin a tashi a rubuta sunayen matafiya, a ƙirga su a kowane zango, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da mai unguwar wurin, a binciki halin tsaro na yankin, a kuma ɗauki ɗan jagora daga mutanen gari. Makarantun da ba su da ƙwararren mai rakiya suna iya neman shawara a cibiyar horar da matasa ta Man O' War da ke Shere.

A ƙarshe muna jan hankalin malamai kan kududdufan da haƙar kuza ta bari a sassan Jos ta Kudu da Barkin Ladi. Ruwansu yana da zurfi da sanyi, gefensu kuma yana zaftarewa, don haka kada a bar kowa ya shiga wanka ko ya matsa bakinsu ɗaukar hoto.