Darasin Da Annobar Korona Ta Bar Wa Birnin Gombe

Ran 5 ga watan Mayu, 2020, matafiya a kan hanyar Gombe zuwa Biu suka tarar da abin da ba su taɓa zato ba. Waɗansu mutane da aka killace a asibitin Kwadon, saboda an same su da cutar Korona, sun fito sun tare hanya. Kukansu shi ne ba a kula da su yadda ya kamata, abinci bai wadata ba, ba a ba su magani, ga kuma iyali da suka baro a gida ba mai ciyar da su. Hukuma ta amsa da cewa yawancinsu ba su nuna alamun ciwo ba, don haka babu maganin da za a ba su. Amma ga talaka, a tsare mutum a asibiti ba allura ba ƙwaya, wannan da kurkuku duk ɗaya ne.

Abin da ya faru a Kwadon ya bayyana wata gaskiya wadda ta bi dukan sha'anin annobar: doka ba ta zama daram sai jama'a sun amince da ita, jama'a kuwa ba su amincewa da yunwa a cikinsu.

Mararrabar Hanyoyi

Cutar ta shigo Nijeriya ta Legas ran 27 ga Fabrairu, 2020, amma ba a ba da sanarwar ɓullarta a Jihar Gombe ba sai ran 20 ga Afrilu, sa'ad da aka sami mutum 5. Kafin nan Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya riga ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Farfesa Idris Mohammed, an kuma rufe makarantu.

Gombe tana da wani hali da ya sa tsaronta ya yi wuya. Jihar ta yi iyaka da Bauci da Yobe da Barno da Adamawa da Taraba, watau dukan sauran jihohin Arewa maso Gabas. Wannan shi ne arzikin birnin, gama da shi kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi da tashoshin mota suke rayuwa. Da annoba ta zo, sai arzikin nan ya zama ƙofar haɗari. Gwamnatin Tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage hanin ba sai ran 1 ga Yuli. Ko da yake an bar motocin abinci su wuce, direba da kwandasta da ɗan kamasho da mai shayin bakin tasha duk sun ji a jikinsu. Abin kuma ya zo daidai da watan azumi, lokacin da tela da mai sayar da yadi suke sa ran samun abin da zai riƙe su rabin shekara.

Jari Ya Karye

Mai ƙaramar sana'a ba shi da rumbu. Abin da ya samo yau shi za a ɗora a tukunya gobe. Idan ya yi mako biyu bai fita ba, jarin ne zai shiga tukunyar.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Maris na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira miliyan dubu 50 don ba magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance mai sauƙin ruwa ta hannun bankin NIRSAL. Daga baya aka fito da wani asusu na Naira miliyan dubu 75 a ƙarƙashin shirin farfaɗo da tattalin arziki wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya jagoranta. Daga cikinsa aka riƙa ba masu sana'ar hannu da direbobi Naira 30,000 kowanne, aka kuma taimaka wa ƙananan ma'aikatu wajen biyan albashi na wata 3. Bankin Duniya ma ya amince da rancen Dala miliyan 750 ga jihohi, wanda a Gombe aka san shirinsa da sunan GO-CARES.

Sai dai ƙofar shiga ta yi ƙunci. Yawancin tallafin ta intanet ake nemansa, sai mai asusun banki da lambar shaidarsa. Mai ƙosai a Bolari ko mai gyaran takalmi a Jekadafari, wanda ajiyarsa ba ta wuce adashi ba, yakan ji labari ne kawai a rediyo. Fasa rumbunan kayan agaji da aka yi a Jos da Yola da Jalingo cikin Oktoba na 2020 ya nuna inda rashin yarda yake kai mutane.

Ƙuri'a A Cikin Takunkumi

Wata tambayar kuma ita ce ko annoba za ta hana ɗan ƙasa zaɓen shugabansa. Da farko Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta ɗage zaɓuɓɓukan cike gurbi. A watan Mayu ta fito da ƙa'idoji: kowa ya sa takunkumi, a auna zafin jiki, a ba da tazara a layi, a tanadi abin wanke hannu. Da su aka yi zaɓen gwamna a Edo ran 19 ga Satumba, da na Ondo ran 10 ga Oktoba.

A Gombe, hukumar zaɓe ta jiha ta gudanar da na ƙananan hukumomi ran 19 ga Disamba, 2020, daidai lokacin da cutar ta sake tasowa a ƙasar. Jam'iyyar APC mai mulki ta cinye kujerun shugabanni 11 da na kansiloli 114 kaf. Ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙaramar hukuma ita ce mafi kusa da asibitin unguwa da rumfar kasuwa da rijiyar gari. Zaɓen ya tabbatar da cewa ana iya jefa ƙuri'a cikin annoba. Amma takunkumi da sabulu jikin mai zaɓe kaɗai suke karewa. Imaninsa cewa ƙuri'arsa tana da nauyi, wannan wani aiki ne dabam.

Tun Ran Gini

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris, 2021, kuma ran 5 ga Mayu, 2023, shekara 3 cif bayan abin da ya auku a Kwadon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar. Kasuwanni sun cika, takunkumi ya koma tarihi.

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lasa ba baƙi ba ne a wannan yanki, kuma ba su sallama kafin su shigo. Lokacin lafiya shi ne na rubuta sunayen masu sana'a ta hannun sarakunan kasuwa da ƙungiyoyinsu, da ƙarfafa ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa, da sabar wa jama'a jin gaskiya daga bakin limami da mai unguwa da malamin asibiti. Wanda ya tabbata ba za a bar iyalinsa da yunwa ba, ba sai an kai shi asibiti da ɗan sanda ba. Da ƙafarsa zai je.