Abin da ya kamata shugaba ya sani idan aiki bai karɓi ma'aikacinsa ba

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma haka aiki yake. Ɗauki yaron shago a Kantin Kwari mai bakin ciniki, wanda mai saye ba ya shigowa ya fita bai sayi ko yadi ɗaya ba. Maigida ya ji daɗinsa, ya miƙa masa littafin lissafi da makullin sito. Kafin wata uku lissafi ya rikice, an rasa inda aka rubuta dilar atamfa biyu, fara'ar yaron ta gushe. Bai saci komai ba, kaya aka ɗora masa wanda ba na kansa ba.

Wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence J. Peter, ya bayyana wannan matsala a littafinsa na 1969: ana ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da ke hannunsa, har ya hau kujerar da ta fi ƙarfinsa, sai ya maƙale a can.

Fara da gano dalili

Ka tambayi kanka: an faɗa wa ma'aikacin abin da ake so dalla-dalla? An koya masa? Yana da kayan aiki? Wanda bai sani ba, horo yake buƙata. Wanda ya sani ya ƙi yi, gargaɗi. Wanda yake ta ƙoƙari abin ya ƙi, gurbin ne ba nasa ba.

Ku zauna ku biyu

Kada ka tsawata masa a gaban abokan aiki. Ka kira shi gefe, ka kawo misali: "Malam, sau uku a watan nan lissafi bai daidaita ba. Ina matsalar take?" Ka saurare shi, ku sa wa'adi, ku rubuta abin da kuka amince a kai.

Idan gyara ya ƙi

Ka duba ko akwai gurbin da zai dace da shi. In babu, ku rabu cikin mutunci. A Najeriya, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ka ba shi sanarwar a rubuce, ka biya shi haƙƙinsa cif.

Kawaici saboda kunya ko zumunci cutarwa ne: abokan aikinsa ke ɗaukar nauyinsa, shi kuma kullum yana kwana da fargaba. Yaron Kantin Kwari, da maigida ya zauna da shi tun watan farko ya mayar da shi bakin shago, da bai yi asarar gwanin ciniki ba.