Ƙarin Ƙarfin Injin Babur da Mizaninsa

Tun da gwamnatin Jihar Yobe ta ɗage haramcin hawan babur a Potiskum cikin shekarar 2022, bayan tsawon shekarun da larurar tsaro ta wajabta shi, sha'awar ƙara wa inji ƙarfi ta zama mas'alar da ta cancanci bayani.

Asalin hikimar kuwa ita ce, ƙarfin inji yana fitowa daga gwargwadon mai da iskar da yake ƙonawa. Saboda haka idan makaniki ya faɗaɗa silinda ya sa babban fistin, ya daidaita kafireto, sa'an nan ya sauya salansa don hayaƙi ya sami mafita, lalle babur irin Bajaj Boxer zai ƙara kuzari. Sai dai kowace ziyada tana da haƙƙinta, domin zafi zai ƙaru, shan mai zai yawaita, alhali birki da taya suna nan bisa ƙaddarin da masana'anta ta yi musu tun farko.

Don haka wajibi ne mai hankali ya gabatar da gyaran birki da sayen hular kwano kafin neman gudu, gama rai amana ce, kiyaye ta kuwa farilla.