Mesa

Mesa (a kimiyyance Python sebae) maciji ce marar dafi, kuma ita ce mafi girma cikin macizan Afirka. Ana samunta kudu da hamadar Sahara, har da Najeriya da Nijar, galibi a fadamu da bakin koguna da ramukan duwatsu. Masanin halittu ɗan Jamus Johann Friedrich Gmelin ne ya fara bayyana ta a rubuce a ƙarshen ƙarni na 18.

Abinci

Mesa tana kama dabba da haƙora, ta naɗe ta, ta matse har jini ya daina zagayawa, sannan ta haɗiye ta ɗungurungum, yawanci daga kai. A leɓenta akwai ƙananan ramuka masu jin ɗumin jiki, waɗanda ke taimaka mata farauta cikin duhu. Ƙarama tana cin ɓeraye da tsuntsaye. Babba tana iya haɗiye gafiya, guza, gada ko akuya, bayan haka sai ta yi makonni, wani lokaci watanni, ba ta sake ci ba.

Girma

Mace tana saka ƙwai 20 zuwa 100, ta naɗe su kusan wata uku. 'Ya'yan suna fitowa da tsawon santimita 45 zuwa 60. Mesa tana balaga tsakanin shekara 3 da 5, kuma tsawon babba yakan kai mita 3 zuwa 4, wasu ƙalilan su kai 6. Saurin girmanta ya dogara da yawan abinci da ɗumin wuri. Tana yin saɓa akai-akai tana ƙarama, sannan ya ragu.

Kiwo

A Turai da Amurka ana kiwon macizai masu matsewa a gida, musamman Boa constrictor ta Kudancin Amurka, wadda haihuwa take yi maimakon saka ƙwai, kuma ba kasafai take wuce mita 3 ba. Masu kiwo sukan ba ƙaramin maciji ɓera ɗaya kusan duk mako, babba kuwa duk mako biyu zuwa huɗu. Ƙa'idar ita ce kada kaurin abincin ya wuce kaurin tsakiyar jikinsa, kuma kada a ɗauke shi sai bayan kwana biyu, don gudun amai. Ɗura masa abinci don ya girma da wuri yana jawo ƙiba da gajeren rai.

Mesa ta fi boa girma da faɗa, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 20, don haka ba ta dace da sabon mai kiwo ba. Amurka ta hana shigo da ita a 2012. A watan Agusta na 2013 wata mesa ta kuɓuce daga kejinta a garin Campbellton na Kanada, ta kashe yara biyu suna barci.

A ƙasar Hausa

Ajiye maciji don sha'awa ba al'adar Hausawa ba ce. Gardawa ne aka sani da riƙe mesa, suna wasa da ita a kasuwanni. An fi nemanta saboda fatarta, wadda dukawa ke ɗinka jaka da takalma da ita, kamar waɗanda ake gani a kasuwar Kurmi ta Kano. Manyan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai kuwa sun fi dogara da fatun awaki da tumaki.

Kariya

Mesa tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a ƙetare iyaka da ita ko fatarta sai da izini. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ita ma ta shafe ta. Raguwar mesa asara ce ga manomi, domin tana rage ɓeraye da gafiyoyin da ke ɓarnar hatsi.